Bangon Gabas Ba Ya Jiran Sallah

Tambayar da nake so mu tattauna a kanta yau ƙarama ce a baki, sai an zo biyan kuɗinta take nuna girmanta: shin bayan shekara nawa ya kamata mai gida ya sake wa gidansa fenti ta waje? Na san wani zai yi tsaki ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na fama da abin da za su sa a tukunya, shi kuwa wannan ya zo mana da zancen fenti. Ka yi haƙuri ka biyo ni ɗan'uwa, domin kai ɗin nan da aljihunka ba shi da nauyi, kai na fi nufi da wannan rubutu. Mai hali ko bangonsa ya zube yau, jibi ka ga tifa tana sauke yashi a ƙofar gidan. Wanda ya shekara goma sha biyar yana tara bulo ɗaiɗai kafin ya rufa ɗaki uku, shi ne bai kamata ya bar ruwa ya cinye masa guminsa yana kallo ba.

Idan mai karatu ya lura, mu a ƙasar Hausa ba bango ne ke faɗa mana lokacin fenti ba, kalanda ce da idon mutane. Ana fenti idan Sallah ta ƙarato. Ana fenti idan za a aurar da yarinya, saboda dangin ango kada su raina gidan. Mai gidan haya kan tuna da fenti ne ranar da ya ƙudura ƙara kuɗin haya, ko zai sa gidan a kasuwa. Su kuwa hukumomi, idan ka ga ana shafe katangar makaranta ko ta asibiti cikin gaggawa, to babban baƙo ne zai wuce ta wannan titin, kuma ɓangaren da ke kallon titin kaɗai za a shafa. Duk waɗannan dalilai abu guda ya haɗa su, wato mun ɗauki fenti a matsayin kwalliya, kamar hoda da jan baki. Shi ya sa kullum fuskar gida ke samun gata, bayan gida kuwa, inda ba mai gani sai awaki da masu tsugunno, ya shekara ashirin da shafar farko.

Wanda ya ɗan yi boko kuma, idan ka tambaye shi, zai ce maka ai an rubuta, shekara biyar zuwa goma. Gaskiya ne haka masu sana'ar fenti a Amurka da Ingila suke yawan faɗa. Sai dai yawancin gidajen da ake wa wannan lissafi a Amurka na katako ne, kuma rana da ruwan da suke sha ba irin namu ba ne. Mutumin da bai taɓa ganin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har bango ya ƙi taɓuwa da la'asar, ban ga yadda zai yanka wa gidana shekaru ba. Kuma tsakanin biyar da goma ai tazara ce da yaro zai shiga firamare har ya kusa fita a cikinta. Wannan ba amsa ba ce, hanyar zamewa ce.

Ni ra'ayina shi ne tambayar ce ma aka gina ta a karkace. Gida ba ya tsufa gaba ɗaya. Kowane bango da nasa shekarun, kuma ko a bango guda, gindinsa ya girmi samansa. Saboda haka abin da ya kamata a yi duk shekara shi ne dubawa, fenti kuwa a yi wa bangon da ya nema, ranar da ya nema, ko da sauran ukun ba su nema ba. Wannan ba sabuwar hikima ba ce da na ƙirƙiro. Kakanninmu da suka yi ginin ƙasa haka suke yi, mu ne muka yar.

A da, magidanci a birnin Kano ko Zazzau ko Katsina bai san wani abu wai shi an gama gini ba. Da zarar rani ya yi nisa, kafin hadarin farko, za ka ga an tara ƙasa a ƙofar gida ana cuɗawa, ana bin bango ana yaɓe inda damina ta zaizaye, a hau soro a toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a ɗaga zankon da ya gutsure. Suna da magungunansu na ruwa tun kafin a kawo mana fenti a gwangwani. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ya yi wannan launi mai duhu-duhu. Akwai laso, wanda ya fi ta ƙarfi da tsada, ana haɗa shi da katsi na marina, da gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara, a shafe rufin soro da wuraren da ruwa ya fi duka. Ka duba yadda sana'o'i uku ke haɗuwa a bango ɗaya, marini da majemi da magini. Kuma ba wanda yake shafe gida duka da laso don burga, sai inda ake tsoron ruwa. Wato tun a wancan lokaci sun san ba a yi wa bango huɗu kuɗin goro.

Har yau akwai wuraren da wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Hasumiyar masallacin Agadas a Nijar, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma itatuwan nan da suka fito a jikinta kamar ƙaya ba ado ba ne kawai, matakala ce ta masu yaɓe. Magina sun gina hanyar gyara a jikin ginin tun ranar farko. A garin Jenne na ƙasar Mali kuwa, babban masallacinsu da aka sake ginawa a 1907, duk shekara gari ne ke fitowa kwansu da kwarkwata a yaɓe shi, ranar ta zama kamar ranar biki. Ginin ƙasa ne ya haura shekara ɗari a tsaye, mu kuma muna da gidajen siminti a unguwanninmu da ba su kai shekara ashirin da biyar ba, rodi ya leƙo waje.

To me ya faru? Siminti ne ya yaudare mu. Da bulo ya shigo, sai muka ɗauka mun rabu da wahalar yaɓe har abada, tunda ga abu kamar dutse. Alhali filasta tana shan ruwa. Duk wanda ya taɓa watsa ruwa a bangon da ba a yi wa fenti ba ya ga yadda yake zuƙewa nan take. Sannan da rana bango ya buɗe don zafi, da dare ya tsuke, musamman a hunturu da ake kwana da sanyi a wuni da rana, a haka ƙananan tsagogi masu kamar gashi ke fitowa. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kafin ƙadangare ruwa ne ke fara shiga. Idan ya kai ga rodin da ke cikin ginshiƙi ko lintal, rodin ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya fashe. Ranar da ka ga jan jirwaye yana gangarowa daga saman taga, to aikin ya wuce na mai fenti, ya koma na birkila, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Fenti dai shi ne makubar zamaninmu. Aikinsa na farko ya tare ruwa da rana, kyau kuwa gyara ne da ake samu a kai.

Yanzu mu zagaya gidan tare. Ko yaro a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa. Iskar da ke zuwa gaban ruwa ta kwaso yashi ta watsa wa bangon gabas, sannan ruwan ya biyo baya a karkace, yana dukansa kamar da bulala, daga Yuni har Satumba. Idan damina ta wuce, iskar hunturu ta karɓa, ita ma daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar da take kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Wato bangon gabas ba ya hutu, rabin shekara ruwa, rabin shekara ƙura. Bangon yamma kuwa ba ruwa ne babban abokin gabarsa ba, ranar la'asar ce, ita ke cinye launi, ta ƙona abin da ke riƙe da fentin har ya koma gari. Na kudu yana shan ranar rani, domin daga kaka zuwa ƙarshen hunturu rana ta ɓangaren kudu take ratsawa. Na arewa shi ne ɗan gata, ya fi kowa samun inuwa, sai dai idan akwai laima a wurin, shi ne zai fara yin gansakuka da baƙi-baƙi. To don Allah ta yaya za a ce waɗannan huɗun rana ɗaya za su buƙaci fenti?

Na san a cikin gari, inda gidaje ke manne da juna, wani bangon gabas ɗinsa na maƙwabci ne, wani kuma bene ya tsare masa. Wannan bai rushe maganar ba. Kowa ya tsaya a gidansa ranar da ake ruwa da iska ya ga ta ina feshi ke dukan ginin, wannan bangon shi ne gabas ɗinsa.

Akwai kuma wani yayi da ya ƙara mana wannan ciwo, wato ɓoye kwano a bayan bango don gida ya yi kama da akwati irin na ƙasashen Larabawa. Ban ƙi kyansa ba. Amma rufin da, wanda kwano ke zarcewa ya yi wa bango lema, yana tare rabin feshin da zai sauka a jikinsa. Yanzu an cire wa bango hula an bar shi tsirara, kuma ruwan da ya taru a saman ya riƙa gangarowa da datti yana zana baƙaƙen layuka a fuskar gidan tun daminar farko. Wanda ya zaɓi wannan fasali ya sani ya zaɓi yawan sayen fenti.

Sai gindin bango, wanda shi ne ya fi kowane wuri shan wuya a gidajenmu, kuma yawanci da hannunmu. Ruwan indararo ya faɗo ya fantsama a kansa. Ruwan wanki da na wanke-wanke a nan ake sheƙawa. Kwata a gindinsa take bi. Akuya ta zo ta goga jikinta, yara su yi rubutu da gawayi, masu wucewa su mai da lungun makewayi, lokacin zaɓe kuma a zo a lafta masa hotunan 'yan takara da ruwan sitaci, idan aka ɓamɓare su tafi da fenti. Ga kuma laimar da ke tasowa daga ƙasa, wadda ke sa ka ga fenti ya kumbura ya yi bororo, da wani farin gari kamar kanwa a jikin filasta. Wannan ta ƙarshen ina so mai karatu ya riƙe ta da kyau, fenti ba ya maganinta. Idan tun ranar gini ba a shimfiɗa leda ko wani abin tare laima a kan harsashi ba, ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ɗaki tudu, ko famfo na yoyo a cikin bango, to ko duk wata za ka yi fenti sai ya ɓare. A fara kashe hanyar ruwan, a yi ɗan dakali ko daɓen siminti da zai kore shi daga gindin gini, a bar bangon ya bushe, sannan a yi zancen launi.

Yaya mutum zai gane bango ya nema? Ba sai ya kira injiniya ba. Ka shafa tafin hannunka a jikinsa. Idan hannun ya fito da gari kamar ka taɓa allon makaranta, fentin ya mutu, launi ne kawai ya rage, ba ya tare komai. Ka watsa masa ruwa kofi guda. Idan ruwan ya gangara, da sauransa. Idan wurin ya yi duhu ya shanye, ya nema. Ka duba tsaga, ka duba ɓarewa, ka ƙwanƙwasa filasta da ɗan makulli, inda ka ji tana amsawa kamar ganga to ta rabu da bulo, sai an sare an sake. Koɗewar launi ita kaɗai ba ta tayar mini da hankali, domin bango na iya koɗewa alhali yana aikinsa. Haka kuma ƙura ba tsufa ba ce. Gidaje da yawa da ake kashe wa kuɗin fenti bayan hunturu, wanki kawai suke so, bokitin ruwa da tsintsiya mai laushi.

Amma na san mai karatu ba zai bar ni na tafi ban faɗi adadi ba, to ga abin da na tsaya a kai, gwargwadon abin da idona ya gani a gidajenmu na Arewa. Fentin ruwa mai araha, irin wanda asalinsa na cikin ɗaki ne amma ake lafta shi a waje, a bangon gabas da ƙyar yake ganin damina ta uku. Fentin ruwa mai kyau da aka yi don waje, idan an shirya bangon yadda ya kamata an yi shafa biyu, gabas da yamma su kai shekara huɗu ko biyar, kudu da arewa su kai shida ko bakwai. Mai gurza-gurzan nan da kowa ke kira Texcote, ko da wani kamfanin ne ya yi shi, ya fi su daɗewa, yana kuma rufe ƙananan tsagogi, sai dai yana riƙe ƙura kamar bargo, gida fari ya koma ja cikin hunturu biyu. Gindin bango kuwa, kamar ƙafa uku daga ƙasa, ni a ganina duk shekara biyu a taɓa shi. Ƙofar ƙarfe da tagogi ba a jira musu shekara, ranar da tsatsa ta ɓullo ranar ake kankarewa a shafa jan fentin nan na ƙarfe a bi da fentin mai. Launi ma yana da hannu a ciki. Shuɗi mai duhu da ja da kore shar su ne rana ta fi saurin cinyewa, kuma suna jawo zafi cikin ɗaki. Ruwan madara da ruwan ƙasa-ƙasa sun fi haƙuri, ga shi ƙura ba ta tona musu asiri.

Ga inda lissafin ke taimakon mai ƙaramin ƙarfi. Ɗauki fili mai ƙafa 50 sau 50 da aka saba yankawa a unguwanninmu. Bango guda tsawonsa wajen mita 15 ne, tsayinsa mita 3, wato murabba'in mita 45. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya idan bangon mai santsi ne. Shafa biyu ke nan lita 9 ko 10, rabin bokiti mai lita 20. Gida duka kuwa sai bokiti biyu, ban da ladan mai aiki. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, kuɗin fenti ya tashi kamar na sauran kayan gini, tunda yawancin sinadaransa daga waje ake shigo da su. Mutumin da ya ce sai ya tara kuɗin gida duka zai yi ta jira, bangon gabas na ci gaba da shan ruwa. Wanda ya yarda ya yi bango ɗaya bana, wani baɗi, zai iya. Za a ce ai gidan zai yi dabbare-dabbare. To wa yake tsayawa ya ga gabas da yamma a lokaci guda? Abin da ake buƙata kawai mutum ya riƙe suna da lambar launin da ya saya, ya rubuta a bayan ƙofa in ya so.

Batun lokaci kuma, a nan ne na fi saɓawa da al'adar fentin Sallah. Sallah yawo take yi a cikin shekara, duk shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya, wata rana ta faɗo a tsakiyar marka, wata rana a tsakiyar hazo. Bango bai san da wannan ba. Fentin da aka yi a watan Agusta, a kan bangon da ya ƙoshi da ruwa, an kulle laima ne a ciki, rana na fitowa zai kumbura. Wanda aka yi a Disamba ko Janairu ana tsakar ƙura, ƙurar za ta manne a jikinsa tun bai bushe ba. Na watan Afrilu da tsakar rana kuwa, bushewa yake yi a kan rola kafin ya kama bango. Lokacin da na fi yarda da shi shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke da 'yan makonni, bango ya bushe, ƙura ba ta sauko sosai ba. Kuma a lokacin ne duk ɓarnar da damina ta yi take a fili. Wanda wannan ya wuce shi, ya nemi tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, ya riƙa bin inuwa, yamma da safe, gabas da la'asar. Sabuwar filasta kuma a ba ta aƙalla mako huɗu kafin a taɓa ta da fenti. Gaggawar tarewar amarya ta kashe fentin gidaje da yawa tun ba a shiga ba.

Sai masu aikin. Ba na son na yi musu kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, kuma sau da yawa mu masu gida mu ke koya musu ha'inci. Ka ba mutum kwangila da kuɗin da kai ma ka san ba zai sayi kayan ba, ka ce ya san yadda zai yi. Ya kuwa sani. Bokiti ɗaya zai zama biyu da ruwan rijiya, ranar da aka gama gida na sheƙi, damina ɗaya ta wanke shi tas. Araha ba ta ado. Ka sayi fentinka da kanka, ka karanta adadin ruwan da aka ce a ƙara a jikin bokitin, ka biya mai aiki ladansa na gaskiya. Kuma ka lura da abin da ya fara yi ranar da ya zo. Idan ya iso ya buɗe bokiti ya tsoma rola, ka tsayar da shi. Mai fentin kirki yakan ɓata yini ɗaya ko biyu bai shafa komai ba, yana kankare tsohon da ya ɓare, yana goga samfefa, yana cike tsaga, yana wanke ƙura, sannan ya yi shafar share fage kafin ainihin launi. Sabon fenti a kan mataccen fenti tare suke faɗowa.

A wajen kankarewar nan akwai hatsarin da ban cika jin ana faɗa ba. Tsofaffin fentin mai, musamman rawaya da ja da kore da ake shafa wa ƙofofi da tagogi, da yawansu akwai dalma a ciki. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su tsayar ita ce kashi 90 cikin miliyan, amma ƙofar da aka shafa shekara ashirin da suka wuce ba ta san da wata doka ba. Mu nan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, duk da cewa waccan daga dutsen zinariya ta fito ba daga fenti ba. Gubar dai ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama da wuri ba. Idan za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa wurin kada ya yi ƙura, a shimfiɗa buhu a ƙasa a tattare ɓarɓashin, a kore yara da mai ciki daga wurin, kada kuma a ƙona shi da wuta.

Masu gidan ƙasa kuma, waɗanda har yanzu su ne da yawa a ƙauyuka da cikin tsofaffin birane, ina roƙonsu su yi hattara da abin da ake kira ci gaba. Yaɓa siminti a kan bangon ƙasa, a bi shi da fentin mai, yana da kyau a ido shekarar farko. Amma ƙasa da siminti ba sa tafiya tare, sai sun rabu, ruwa ya shiga tsakaninsu ta sama ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, mai gida na ganin bango lafiya lau, sai wata marka ta Agusta a ji rugugi cikin dare. Bangon ƙasa numfashi yake so. Yaɓensa na ƙasa, da farar ƙasa a kai in ana son haske, sun fi masa alheri, ko da kuwa duk shekara za a sake.

Gidan da na fi tausayi shi ne gidan gado. Magada goma sha biyu, kowa na kwana a ciki ko yana karɓar hayar shago, ba mai sayen galan ɗaya na fenti, domin kowa na ganin in ya gyara ya gyara wa wasu. Na biyunsa gidan haya, mai gida ya ce ai ba shi ke ciki ba, ɗan haya ya ce ai ba nasa ba ne. A gidan haya ni ina ganin maganar a fili take, bangon waje na mai gida ne, kamar yadda rufi yake nasa, kuma ya fi masa sauƙi ya cire kuɗin rabin bokiti daga hayar shekara da ya zo yana sare filasta. A gidan gado kuwa, tun ba a kai ga rabo ba, a ware hayar shago ɗaya ta wata ɗaya duk shekara, a damƙa wa mutum guda, a ce da kaka ya zagaya bayan gida ya shafa hannunsa a bangon gabas, ya zo ya nuna wa sauran tafin.